Ledar Magungunan Baba: Yadda Muka Bi Matakan Maganin Kansar Mafitsara a Sakkwato

Na daɗe ina son rubuta wannan, sai yanzu da Baba ya ɗan samu sauƙi hankalina ya dawo jikina. Shekara guda da 'yan watanni muka yi muna zarya tsakanin gidanmu a Mabera da babban asibiti, kuma da yawa daga cikin wahalar da muka sha rashin sanin abin da ke gaba ne ya jawo ta. Zan faɗi yadda muka bi abin daki-daki, har zuwa ranar da wata likita ta zazzage ledar magungunan Baba a kan teburinta ta yi mana bayanin da ban taɓa jin irinsa ba a kan hanjin ɗan Adam.

Abin ya fara ne a daminar 2023. Baba manomin fadama ne, shinkafa da albasa, kuma a bakin gulbin Rima ya tashi. Da ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa bai gaya wa kowa ba, sai da Inna ta gani a bayan gida ta kira ni. Da na yi masa magana dariya ya yi, ya ce, "Wanga abu ba tun yau ba. Muna yara kowa na yin shi, tsargiya ce." Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, kuma ba na iya ja da shi. Muka bar shi ya tafi kemis ɗin unguwa. Mai kemis ya ba shi sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana biyar, jinin ya ɗauke, bayan mako uku ya dawo. Aka sake ba shi wani, aka haɗa masa da kafso ja da yalo. Haka aka yi ta yi har kaka ta wuce. Duk lokacin da fitsari ya yi masa zafi, sai ya aika jika da naira dubu ɗaya ko biyu a karɓo masa "na rannan". Babu wanda ya taɓa gwada fitsarin nan ko sau ɗaya.

A watan Janairun 2024, cikin tsananin hunturu, fitsarin ya tsaya cak da daddare. Gudajin jini ne suka toshe hanya. Ƙarfe biyu na dare muka samu mai Keke Napep ya kai mu sashen gaggawa. Abu na farko da za a tambaye ka shi ne kati, don haka in mara lafiyarka yana da tsohon katin asibiti, ka san inda yake tun kafin irin wannan dare. Mu ba mu da shi, sai da na bi layin buɗe fayil na biya, na dawo da rasit, kafin nan Baba yana durƙushe yana salati. Aka sa masa robar fitsari, aka yi ta wanke mafitsarar da ruwa har gari ya waye. Aka ɗebi jini aka ce ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara masa leda biyu. Ƙannena biyu suka bayar. Kwana shida muka yi a kwance, aka yi hoton ciki na sikanin, likitan da ya duba ya ce akwai tsiro a jikin bangon mafitsara, aka rubuta mana takardar ganin likitocin mafitsara.

Asibitin likitocin mafitsara rana ɗaya ce a mako, kuma wanda bai ajiye katinsa ba kafin ƙarfe bakwai na safe zai iya wuni a benci a ce ya dawo wani makon. Karon farko haka ta faru da mu. Daga nan na koyi yin asuba a masallacin kusa da asibiti in ajiye kati, ƙanena ya kawo Baba da hantsi. Aka ba mu ranar leƙa mafitsara da na'ura mai kyamara, mako uku gaba, da jerin gwaje-gwajen da za a yi kafin a shiga tiyata: jini, ƙoda, zuciya, hoton ƙirji. A tiyatar suka kankare abin da za su iya na tsiron, suka ba ni wata 'yar kwalba da naman a ciki, suka ce in kai ɗakin binciken nama in biya. Ka riƙe rasit ɗin nan da lambar da za a rubuta maka kamar takardar gida. Daga baya aka buƙaci a sake duba naman a wani ɗakin gwaji a Abuja, kuma da wannan lambar ce aka nemo ɗan dunƙulen kakin da aka adana shi a ciki.

Sakamakon ya ɗauki kwana 24. Ranar da muka karɓa, babban likitan ya sa aka fitar da ɗalibai, ya ce, "Baba, ciwon daji ne." Baba ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin," ni kuwa sai na ji kamar an zare mini laka. Likitan ya yi mana bayani cewa kansar mafitsara tana cikin waɗanda suka fi gani a maza a wannan yanki, kuma tsargiyar da mutane ke rainawa tana da hannu, domin ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru suna cin sa. Ya ce iri biyu suka fi gani: wadda tsargiya ta fi jawowa, da wadda ke tasowa daga shimfiɗar cikin mafitsarar kanta, irin wadda ta fi yawa a ƙasashen Turawa. Ta Baba ta biyun ce. A lokacin ban ga amfanin wannan bambanci ba, sai bayan wata bakwai. Aka tura mu hoton siti, wanda ya ci mana sama da naira 100,000 da kuɗin ruwan allurar da ake ɗura wa mutum kafin hoton. Hoton ya nuna ciwon ya ratsa naman bango, ya taɓa kaluluwar da ke kusa.

Daga nan aka miƙa mu sashen masu ciwon daji, aka fara kimo, wato maganin kashe ciwon daji da ake ɗurawa ta jijiya, ana cikin azumi. Magani biyu ne, gemsitabin da sisfilatin, zagaye ɗaya duk kwana 21, kuma kafin kowane zagaye sai an duba jini da ƙoda. Zagaye shida ya yi, kowanne yana cin abin da ya kai albashina na wata, wani lokacin ya haura. Na je na tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, aka ce mini kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet yake ɗauka, ta mafitsara ba ta ciki. Zafin Afrilu na Sakkwato da amai da rashin cin abinci suka haɗu suka mayar da Baba kamar kara. A nan ne muka yi wani abu da muke gani gata ne. Inna ta daina ba shi tuwon dawa da fura, ta ce sun yi masa nauyi. Aka koma shayi da burodi, kastad, farar shinkafa, taliyar yara, lemun kwalba. Duk wanda ya zo dubiya da katan ɗin maltina yake zuwa. Wata biyar mutumin da ya tashi da gero da wake da kwaɗon tafasa bai ga ganye a kwanonsa ba.

Hoton watan Agusta ya nuna kaluluwar ta ƙara girma, wasu sun fito a sama. Likitan da ke duba mu, wata mace mai natsuwa da ba ta gaggawar sallamar mutum, ta ce akwai sauran hanya guda, amma mai tsada ce ƙwarai. Sunan maganin fembrolizumab, ana sayar da shi da sunan Keytruda. Ta ce shi ba ya kashe ciwon dajin kai tsaye kamar kimo. Jikin mutum yana da sojoji a cikin jini masu farautar duk abin da ya lalace, ita kuwa kansa ta iya ɗaure musu dabaibayi ta wata kafa da ake kira PD-1, sai su tsaya suna kallonta. Maganin dabaibayin yake kwancewa. Wani Bajafane, Tasuku Honjo, shi ya gano wannan kafa, kuma shi da Ba'amurke James Allison suka samu kyautar Nobel a 2018 saboda wannan fanni. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce a babban gwajin da aka yi a kan mutum 542 masu irin ciwon Baba da kimo ya gaza musu, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ciwonsa ya ja baya da wannan magani, amma wanda ya karɓe shi yakan daɗe yana cin moriya. Kuma irin kansar Baba ce aka gwada shi a kai, abin da ya sa bambancin nan na farko ya yi mana rana. Kuɗin kowane zagaye miliyoyin naira ne, duk mako uku.

Muka yi taron gida bayan sallar isha'i. Baba ya ce a bar shi, kada a sayar da abin da marayu za su ci. Baffanmu, ƙanensa mai fataucin albasa zuwa kudu, ya ce, "Yaya, ba ka mutu ba balle a yi zancen marayu." Shi ya ɗauki zagaye biyu. Muka sayar da fili ɗaya da shanu huɗu, muka ce a fara da zagaye huɗu a ga abin da Allah zai yi.

Ranar da muka koma mu ce mun amince, likitar tana cike takarda sai ta ɗago ta ce, "Baba, in ce dai ba ka sha wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kwanan nan?" Baba ya ce a'a. Ni ma na ce a'a, don a sanina abin da asibiti ya rubuta kawai yake sha. Inna ce daga bayanmu ta ce, "Likita, shina shan na kemis in fitsari ya yi mai zahi." Ta buɗe jakarta ta fito da wata baƙar leda. Likitar ta zazzage ta a kan tebur: fakitin sifro uku, biyu babu komai ɗaya saura ƙwaya huɗu, Flagyl, Ampiclox, kafso ja da yalo a ƙulle cikin takarda, omefrazol na gyambon ciki, da wani ƙullin garin magani da Gwaggo ta kawo daga ƙauye. Ƙwaya ta ƙarshe ta sifro shekaranjiya ya sha ta. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta sunayensu a fayil, ta ce wa nas ta ce wa na waje su ƙara haƙuri, sannan ta juyo da kujerarta.

Abin da ta faɗa, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne wannan. A cikin jikin kowane mutum akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, duka nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Mu da mun ji bakteriya sai mu ce cuta, alhali yawancin waɗannan zaman amana suke yi da mu. Suna cin ɓangaren abincin da cikinmu ba ya iya narkarwa, wato dusa da zaren ganye da ɓawon wake, su fitar da wasu sinadarai da ke ciyar da bangon hanji. Kuma a jikin wannan bango ne babban sansanin sojojin garkuwar jiki yake, kullum suna gogayya da waɗannan ƙwayoyi, a nan suke koyon wa za su bari wa za su kai wa hari. Ta ce, "Baba, ka san ɗan kokawa. Ko an kwance mai dabaibayi an tura shi fage, in babu makaɗinsa jikinsa ba ya tsuma." Baba ya gyara zama, don a ƙuruciyarsa ya taɓa kokawa. Ta ce maganin kemis ɗin nan ba ya tantance mugu da nagari, in ya shiga hanji share fage yake yi har da makaɗan.

An fara gane haka ne a jikin ɓeraye. A 2015 masu bincike a jami'ar Chicago suka lura ɓeraye iri ɗaya da aka sayo daga gidajen kiwo biyu ba sa yaƙar kansa daidai, ɗaya rukunin ciwonsa ya fi saurin girma. Da aka haɗa su keji ɗaya bambancin ya ɓace, saboda ɓera yana cin kashin ɗan'uwansa. Da aka bi diddigi sai aka samu wata bakteriya mai suna Bifidobacterium ta fi yawa a hanjin waɗanda ciwonsu ke girma a hankali. A farkon 2018 ayarin Laurence Zitvogel a cibiyar Gustave Roussy ta Faransa suka fitar da bincike a kan mutum 249 masu kansar huhu da ƙoda da mafitsara da ke karɓar irin maganin da za a sa wa Baba. Mutum 69 daga cikinsu sun sha maganin kashe bakteriya a cikin wata biyu kafin fara maganin ko wata ɗaya bayan farawa. Matsakaicin abin da waɗannan suka rayu wata 11 da rabi ne, sauran kuwa kimanin wata 20 da rabi. Sun kuma samu cewa waɗanda maganin ya karɓa sun fi yawan wata bakteriya, Akkermansia, a bayan gidansu. Suka ɗauki bayan gidan marasa lafiyar suka sa wa ɓerayen da ba su da ƙwaya ko ɗaya a hanji: ɓeran da ya samu na wanda magani ya karɓa, shi ma magani ya karɓe shi. A shekarar dai ayarin Jennifer Wargo a cibiyar MD Anderson da ke Amurka suka ga masu kansar fata da hanjinsu ke da ire-iren bakteriya masu yawa sun fi samun nasara.

Jin haka gabana ya faɗi, na ce to mun riga mun ɓata ke nan. Ta ce in kwantar da hankalina. Na farko, wanda ke yawan shan waɗannan magunguna sau da yawa dama shi ne wanda jikinsa ya fi rauni, don haka ba duka bambancin za a ɗora wa maganin ba. Na biyu, hanji yana farfaɗowa in an bar shi ya huta, kuma maganin da za mu yi oda ba zai iso ba sai bayan makonni. Ta aika mu a shuka fitsarin Baba a ɗakin gwaji, kwana uku sakamako ya fito babu wata ƙwayar cuta da ta tsiro. Zafin da yake ji na tsiron ne da wurin da aka kankare. Wato wata da watanni yana shan maganin ciwon da ba shi da shi. Ta ba shi na rage zafi, ta ce a dakatar da omefrazol tunda ba a taɓa tabbatar masa da gyambon ciki ba, kuma shi ma yana canja zaman ƙwayoyin hanji. Garin Gwaggo kuwa ta ce a ajiye, don in hanta ta motsa ba za ta san wanne ya jawo ba. Sai ta kafa mana doka: ko ƙwaya ɗaya kada ta shiga bakinsa sai an kira ta, amma in ya yi zazzaɓi ko rawar sanyi a kawo shi a daren, domin in cuta ta tabbata ita da kanta za ta rubuta maganin, ba ta wasa da wannan.

Sai ta tambayi abin da yake ci. Inna ta lissafa da alfaharinta, shayi da burodi da sauransu. Likitar ta ce, "Inna, da can fa?" Inna ta ce tuwon dawa da miyar kuka, fura, ɗanwake, dambu da zogale, hoce. Ta ce a koma can. A ƙarshen 2021 ayarin Wargo sun bi mutum 128 masu kansar fata da ke kan irin wannan magani, suka ga waɗanda ke samun aƙalla giram 20 na wannan dusa da zaren abinci a rana sun fi daɗewa ciwonsu bai ci gaba ba, kuma duk ƙarin giram 5 yana tafiya da raguwar haɗarin da kusan kashi 30 cikin ɗari. Kofi ɗaya na dafaffen wake kaɗai yana da kusan giram 11. Ta ce a kan Turawa masu wata kansar daban aka yi binciken, ba ta yi mana alkawarin komai ba, amma abinci ne da ba ya cutarwa kuma yana cikin rumbunmu. Akwai ma wani bincike na 2010 da ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Fulorens na Italiya, aka samu hanjin yaran ƙauyen ya fi yawan ire-iren bakteriya da sinadaran nan masu amfani. Baba ya saurara har ta gama, ya ce, "Ashe ni da tumakina duk ɗaya muke, dusa aka so mu ci." Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu da hannunmu muka ɗauke masa abincin da Turawa ke kashe kuɗi suna bincike a kai, muka ba shi burodi muna ganin mun kyauta.

Ba a dare ɗaya aka koma ba, don cikin da ya saba da kastad in ka cika shi da wake kumburi zai yi. Inna ta fara da kunun gero da ba a surfe shi sosai ba, sai tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, sai kwaɗon zogale da ƙuli, wake sau uku a mako bayan an duba ƙodarsa an ce ba matsala. Ganye a wanke a dafa. Nonon fura kuwa likitar ta ce a tafasa madarar a gida a kwantar da ita, kada a sayo na talla wa mai raunin jiki. Na tambaye ta ko in sayo kafson bakteriya masu amfani da na gani a wani babban kantin magani a kan titin Ahmadu Bello, masu tsada. Ta ce kada in soma. A binciken nan na 2021 masu shan su ba su fi kowa ba, a jikin ɓeraye ma sun rage ƙarfin maganin. Na kuma tambaye ta zancen dashen bayan gida da na karanta, wato a sa wa mara lafiya bakteriyar bayan gidan wani a hanjinsa. Ta ce gaskiya ne, a 2021 an fitar da sakamako: an yi a Isra'ila a kan mutum 10 da maganin ya daina yi musu aiki, 3 suka dawo suna karɓa, an yi a Pittsburgh ta Amurka a kan mutum 15, 6 suka amfana. Amma gwaji ne da ake yi bayan an tace mai bayarwa ƙwarai, kuma a 2019 wani ya mutu a Amurka saboda an sa masa wanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai bijire wa magani. Baba ya ce ko kyauta ne shi a kai kasuwa.

Maganin ya iso bayan mako biyar, ta hannun sashen magunguna na asibiti. Wani ya yi mana tayin mai sauƙi daga wani ɗan kasuwa, likitar ta ce kada mu kuskura, akwai jabu, kuma magani ne da dole ya zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ya son zafi ba ya son ƙanƙara. A garin da wuta ke yi mana yadda ta ga dama, wannan kaɗai ya isa dalili. Kafin a sa, aka duba jini, ƙoda, hanta da maƙoƙo, kuma haka ake yi kafin kowane zagaye, ka sa kuɗinsu a lissafi. Ranar farko a watan Oktoba na ga 'yan kwalabe biyu ƙanana, kowace miligiram 100, na tuna da shanunmu huɗu. Aka zuba su a ledar ƙarin ruwa, minti 30 aka gama. Baba ya ce, "Shi ke nan?" Babu amai, babu zubar gashi, sai gajiya da ɗan ƙaiƙayi.

Bayan zagaye na uku gudawa ta kama shi, sau biyar sau shida a rana. Na dawo daga aiki na tarar jikan nan ya dawo daga kemis da Flagyl a hannu, Gwaggo ce ta aike shi, don a wajenmu gudawa da Flagyl kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na karɓe na kira likitar. Ta ce a kawo shi yanzu. Aka gwada bayan gida babu cuta, ta ce sojojin da aka kwance ne suka juya kan hanjinsa, abin da aka san maganin yana yi wa wasu, kuma in aka yi sakaci yana iya huda hanji. Maganinsa firednisolon ne, mai lafar da garkuwar jiki, aka ɗage zagaye na huɗu, aka kuma ce a sassauta wake da ganye har cikin ya lafa. Da mun ba shi na kemis mun zauna jira, da mun yi asara biyu. A ƙarshen Disamba kuma ya yi zazzaɓi na gaske da rawar ɗari, aka shuka fitsari cuta ta fito, likitar ta zaɓi maganin da gwajin ya nuna zai kashe ta, na kwana bakwai, ya sha ya warke.

Hoton da aka yi bayan zagaye na huɗu ya nuna kaluluwar sama ta ɓace, ta ƙasa ta ragu da kusan rabi. Na tambayi likitar ko tuwon Inna ne. Ta yi dariya ta ce a jikin mutum ɗaya ba a iya raba aikin magani da na abinci da na ƙaddara, in dai ci gaba da abin da muke yi.

Wanda zai bi wannan hanya, ga abin da zan ce masa. Jini a fitsarin babba ba na kemis ba ne, ko da ya yi tsargiya yana yaro, a je a leƙa mafitsarar. Mu wata shida muka ɓatar. Ka sayi jaka ɗaya mai zif ka zuba kati, rasit, sakamakon nama da lambarsa, faifan hoto da duk gwajin jini, ka ɗauki hotonsu a waya. Ka je da wadda ke dafa wa mara lafiya abinci da ba shi magani, domin ita ta san gaskiya. Ni da nake riƙe da fayil ban san da ledar nan ba. Ka kwashi duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka zube wa likita tun ranar farko ko bai tambaya ba. In an ce za a fara maganin tayar da garkuwa, ka faɗi ranar ƙarshe da ya sha maganin kashe bakteriya, ka nemi a riƙa shuka fitsari ko jini kafin a rubuta wani, kuma in likita ya ce a sha, a sha har ƙarshe. Ka karɓi lambar wayar da za ka kira da dare. Ka yi lissafin kuɗi har da gwaje-gwaje da hoto kafin ka fara, ka tambayi likita ƙarara mutum nawa cikin nawa maganin ke yi wa aiki, don ku yanke shawara ido buɗe. Sannan ka je kemis ɗin unguwa da kanka ka gaya masa. Ni na je, na ce duk wanda aka aiko daga gidanmu ya kira ni tukuna, kuma mutumin kirki ne, sau biyu yana kirana.

Yanzu muna neman kuɗin zagaye na biyar, Baffa ya ce a jira albasar bana ta fita. Baba yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ranar Juma'ar da ta wuce ma ya sa aka kai shi fadama a kan babur ya duba shuka. Baƙar ledar tana cikin durowar likita, ta roƙe mu mu bar mata don ta riƙa nuna wa ɗalibanta.